Na sayi manhajoji a wayar Android, ko za su bi ni zuwa iPhone?

Wani bawan Allah ya rubuto cewa shekara huɗu ke nan yana riƙe da wayar Samsung, kuma a cikinta ya sayi manhajar ƙamus da kuɗinsa, ya saya wa ɗansa wasan Minecraft, sannan akwai manhajar tace bidiyo da ake cire masa kuɗinta duk wata. Yanzu ƙaninsa ya ba shi iPhone, yana so ya bar wa uwargidansa tsohuwar wayar, kuma akwai wani ƙaramin allo (tablet) na Huawei da yara suke wasa da shi a gida. Tambayarsa ita ce ko abin da ya biya zai bi shi zuwa sabuwar wayar, ko kuwa sai ya sake biya, da kuma ko iyalinsa za su iya cin moriyar abin da ya saya.

Malam, amsar ba guda ɗaya ba ce ga abubuwa ukun da ka lissafa, domin kowannensu yana da nasa hukunci. Ƙamus ɗin da wasan sai ka sake sayensu a iPhone, amma manhajar tace bidiyon akwai kyakkyawan zato za ta bi ka ba tare da ka ƙara ko sisi ba. Na daɗe ina rubuta manhajoji ina sanya su a rumbunan manhajoji biyu, wato Google Play na Android da App Store na iPhone, na kuma amsa irin wannan ƙorafi daga masu saye fiye da yadda zan iya ƙirgawa, shi ya sa nake so in bayyana maka dalilin daga tushe, saboda idan ka gane shi ba za ka sake buƙatar tambayar kowa ba a kan kowace manhaja.

Ranar da ka biya kuɗin ƙamus ɗin nan, abin da ka saya ba ya cikin wayarka. Manhajar da ta sauko cikin waya kwafe ce kawai, irinta ce a wayoyin dubban mutane. Abin da kuɗinka ya saya maka shi ne izinin amfani da ita, kuma wannan izini an rubuta shi ne a littafin rumbun da ka saya, a gaban sunan asusun da ka shiga da shi. Ka ɗauka tamkar ɗan kasuwa ne da ya rubuta a littafinsa cewa wane ya biya kuɗin buhu, duk ranar da ya zo a ba shi. Muddin ka koma wannan shago da wannan suna za a ba ka, ko da ka sauya riga ko abin hawa. Idan kuwa ka shiga shagon maƙwabcinsa ka ce ai ka biya a can, zai buɗe nasa littafin ya duba, ba zai ga sunanka ba, kuma ba zaluntarka ya yi ba. Google Play da App Store shaguna biyu ne masu littattafai biyu, kuma tun da aka buɗe su a shekarar 2008, na Apple a watan Yuli, na Google a watan Oktoba da sunan Android Market kafin a sauya masa suna a 2012, ba su taɓa haɗa littafi ba.

Daga nan za ka ga cewa sauya waya a cikin gida ɗaya, wato daga Android zuwa Android ko daga iPhone zuwa iPhone, ba ya jawo asarar komai. Da daga Samsung za ka koma Tecno ko Infinix ko Redmi, da zarar ka shiga da adireshin Gmail ɗin da ka yi sayayyar da shi, za ka tarar wurin da ake rubuta farashi ya koma maɓallin saukewa. Kana iya ɗora manhajar a waya biyu ko uku da allo a lokaci guda, muddin dukkansu suna ɗauke da asusun. Haka yake a ɓangaren Apple, sai dai su sun sa iyaka: na'ura goma ake iya ɗaurawa a asusu ɗaya don sayayya, kwamfutoci kada su wuce biyar a cikinsu, kuma na'urar da aka ɗaura da wani asusu tana iya buƙatar jiran kwana 90 kafin a ɗaura ta da wani. A nan ma akwai abin lura, domin ba kowace manhajar iPhone ce take zama saye ɗaya da ta iPad ko ta Mac ba. Tun watan Maris na 2020 Apple ta ba masu manhajoji damar haɗa su har da ta Mac a saye ɗaya, amma zaɓi ne ba tilas ba. Manhajar zane ta Procreate misali ce da aka sani: ta iPad daban ake sayenta, ta iPhone kuma mai suna Procreate Pocket daban, ga shi kuma babu ita kwata-kwata a Android.

Mutane da yawa suna jin haushin mai manhajar, suna ganin kwaɗayi ne ya sa yake karɓar kuɗi sau biyu a kan abu ɗaya. Na fahimci wannan haushi, amma bari in nuna maka yadda abin yake daga inda muke zaune. Manhajar Android da ta iPhone, ko da sunansu da kamanninsu ɗaya ne, gini biyu ne da ake gwadawa daban, a gyara daban, a miƙa wa kowane rumbu daban. Apple na karɓar dala 99 duk shekara daga mai manhaja kafin ya sanya kayansa, Google kuma dala 25 sau ɗaya. A kan kowane ciniki rumbun yana cire kasonsa, wanda aka daɗe da saninsa a kashi 30 cikin ɗari, kafin a rage wa ƙananan masu manhajoji zuwa kashi 15 a shekarar 2021. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, idan ka sayi manhajata kai tsaye daga App Store, ni ban san ko wane ne kai ba, domin Apple ba ta ba ni sunanka ko adireshinka. Ko da ina so in buɗe maka ta a ɗaya ɓangaren kyauta, babu wani maɓalli da zan danna wanda zai gaya wa Apple cewa wannan mutum ya riga ya biya a wurin Google. Abin da ke hannuna kawai shi ne 'yan lambobin kyauta da kowane rumbu yake ba ni a ƙidaye. Saboda haka ina ba ka shawara ka nemo rasit ɗin ƙamus ɗin a cikin Gmail ɗinka, za ka ga lambar ciniki da ta fara da GPA, ka rubuta wa masu ƙamus ɗin cikin ladabi ka ce ka koma iPhone. Ba haƙƙinka ba ne a kansu, amma ƙananan masu manhajoji sukan yi wannan alheri, ni ma na sha yi.

Yanzu mu zo kan manhajar tace bidiyo, wadda ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta. Akwai littafi na uku bayan na Google da na Apple, wato littafin kamfanin da ya yi manhajar. Duk manhajar da ta sa ka buɗe asusu a wurinta, da imel da kalmar sirri ko da lambar waya, tana da nata littafin, kuma idan ta rubuta biyanka a can, to ko ta wace ƙofa ka shigo za ta gane ka. Shi ya sa mai biyan Netflix ko Spotify ko Microsoft 365 ko Canva ba ya damuwa da irin wayar da ke hannunsa. Manhajar kanta kyauta ce a rumbunan biyu, kuɗin kuma yana rataye da asusunsa na kamfanin. Dokokin Apple ma sun amince da haka a fili: manhajar da ke aiki a dandamali fiye da ɗaya tana iya barin mutum ya yi amfani da abin da ya saya a wani wurin. To abin da za ka yi tun kafin ka saki Samsung ɗin shi ne ka buɗe manhajar ka duba ko kana ciki da asusu. Idan ka ga imel ɗinka a ɓangaren bayanan mai amfani, ka sauke ta a iPhone ka shiga da wannan imel ɗin dai, ba wani ba. Idan kuwa ka tarar ba ka taɓa buɗe asusu ba, kuɗin kawai ake cira ta Google Play, ka buɗe asusun yanzu a tsohuwar wayar, tun biyan yana da rai, domin a yawancin manhajoji a lokacin ne ake ɗaura biyan da sabon asusun. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani tarko a nan da ya cinye kuɗin mutane da yawa, ina so ka kiyaye shi. Idan ka shiga manhajar a iPhone ta hanyar maɓallin shiga da asusun Apple alhali a da da Gmail kake shiga, kamfanin zai ɗauke ka sabon mutum, ya nuna maka farashi, kai kuma ka ɗauka biyanka bai biyo ka ba, ka sake biya. Daga ranar kana biya sau biyu, ɗaya ta Google ɗaya ta Apple, kuma babu wanda zai faɗakar da kai a cikinsu saboda kowannensu littafinsa kawai yake gani. Ka kuma sani cewa goge manhaja daga waya ba ya tsayar da biyan wata-wata, haka ma sayar da wayar ko jefa ta a rijiya. Inda aka ƙulla biyan, nan ake kwance shi. Wanda aka ƙulla ta Google Play, a asusun Google ake soke shi, kuma kana iya yin haka ta shafin Google Play a burauza ko da iPhone ce a hannunka. Biyan da kake yi yanzu zai ci gaba da fita ta Google ko bayan ka koma iPhone, kuma babu laifi a bar shi haka. Ni dai na fi son mutum ya biya kai tsaye a shafin kamfanin idan akwai wannan hanya, domin biyan ba ya rataye da kowane rumbu, kuma wani lokaci ya fi araha. YouTube Premium, alal misali, a ƙasashe da dama ya fi tsada idan ta cikin manhajar iPhone aka biya, saboda an ɗora kason Apple a kan farashin.

Wasan ɗanka ya haɗa hukunci biyu a wuri ɗaya. Minecraft kansa saye ne na rumbu, don haka a iPhone sai an sake sayensa. Amma kayan da aka saya a kasuwar cikin wasan, idan yaron yana shiga da asusun Microsoft lokacin da aka saye su, suna rubuce a littafin Microsoft, za su bayyana a duk na'urar da ya shiga da asusun. Duniyoyin da ya gina kuwa, waɗanda a wurinsa sun fi kuɗin wasan daraja, a cikin wayar suke ajiye, ba sa tashi da kansu. Kada ka goge Samsung ɗin sai ka zauna da shi kun fitar da su, domin babu rasit ɗin da zai dawo da aikin wata shida na yaro.

Wannan ya kawo mu ga sayayyar cikin manhaja, wadda ita ma iri-iri ce. Akwai abin da ake saya sau ɗaya ya zauna, kamar cire talla ko buɗe cikakken ƙamus. Wannan rumbun yana riƙe da shi, kuma a sabuwar waya ta gida ɗaya ana dawo da shi. A iPhone za ka ga maɓallin da aka rubuta wa Restore Purchases, wanda Apple ta wajabta wa masu manhajoji su tanada, a Android kuma galibi da kansa yake dawowa. Akwai kuma abin da yake ƙarewa da amfani, kamar tsabar zinare ko lu'ulu'u na cikin wasa. Wannan rumbun ba ya dawo da shi, sai dai idan wasan yana ajiye ma'auninka a asusunsa, kamar yadda Supercell ID, wato asusun kamfanin da ya yi wasan, yake riƙe wa masu Clash of Clans ci gabansu tsakanin Android da iPhone. Wani abu da ba kowa ya sani ba shi ne, a wayar Android mai asusun Google fiye da ɗaya, sayayyar cikin manhaja tana bin asusun da aka sauke manhajar da shi. Na ga mutanen da suka rantse an cinye musu kuɗi, alhali sun sauke manhajar ne da Gmail na biyu. Da suka goge ta, suka koma asusun farko a Play Store, suka sake saukewa, sai ga abinsu.

Game da manhajar Move to iOS da Apple ta fitar a 2015, tana da amfani, amma ka san iyakarta. Tana kwashe lambobin waya da saƙonni da hotuna, tun 2022 ma har da hirarrakin WhatsApp, kuma tana nemo maka takwarorin manhajojinka na kyauta a App Store. Ba ta ɗauko izinin manhajar kuɗi ko ɗaya. Sannan a lokacin saita iPhone daga farko take aiki, don haka idan ka riga ka fara amfani da wayar sai an goge ta an faro.

Tun da iPhone ɗin daga hannun ƙaninka ta fito, akwai abin da ya fi duk waɗannan gaggawa. Ka tabbatar ya fita daga asusunsa na Apple ya kuma goge wayar a gabanka, sannan ka buɗe naka asusun da imel da lambar wayar da kake riƙe da su. Tun 2013 iPhone tana da makullin da ke ɗaure ta da asusun mai ita, kuma idan aka goge ta ba tare da ya fita ba, za ta tsaya tana neman kalmar sirrinsa. Ko bayan wannan, duk manhajar da aka sauke da asusunsa tasa ce, ranar da za a sabunta ta kalmar sirrinsa za ta nema.

Wannan matsala ta asusun wani ita ce na fi gani a wurinmu, kuma ita ce ta fi ba ni takaici. Mutum zai sayi waya a kasuwa, yaron shago ya karɓa ya ce bari in saita maka, ya buɗe Gmail da sunan da ya ga dama, ya sa kalmar sirrin da shi kansa ba zai tuna ba gobe, wani lokaci ma ya sa lambar wayarsa a matsayin ta farfaɗo da asusu. Wani dattijo maƙwabcina ya zo mini da sabuwar waya a hannu ɗaya da tsohuwar da gilashinta ya tarwatse a ɗaya hannun, yana so in mayar masa da manhajar karatu da ya saya, wadda ya cika ta da alamomin inda ya tsaya. Na tambaye shi adireshin imel ɗinsa, sai ya zaro wata 'yar takarda daga cikin hularsa, ta yi laushi saboda gumi, an rubuta adireshin da biro amma babu kalmar sirri. Lambar da Google ta ce za ta tura wa saƙo ta ƙare da lambobi biyu da bai san mai su ba. Mun yi kwana biyu muna gwadawa ba mu samu shiga ba, ƙarshe ya sake saye, alamomin kuma suka tafi. Kuɗin ba su da yawa, amma fuskarsa lokacin da na ce masa babu yadda za a yi ba ta fita daga raina ba. Google ba ta mayar da sayayya daga wani asusu zuwa wani, ko da duka biyun naka ne. Apple sai a farkon 2025 ta buɗe hanyar kwashe sayayya daga asusu na biyu zuwa na farko, ita ma da sharuɗɗa, ciki har da cewa asusun biyu su kasance na ƙasa ɗaya.

Sharaɗin ƙasa ya shafi mutanenmu kai tsaye. A shekarun da katunan naira suka daina aiki a shafukan waje, da yawa sun buɗe asusun Apple na Amurka suna loda masa katin kyauta domin su iya saye. Abin da aka saya da wannan asusu yana nan a kansa, kuma kuɗin da ke ciki na rumbun Amurka ne. Mai son sauya ƙasar asusunsa a Apple sai ya cinye ragowar kuɗin da ke ciki ya kuma soke biyan wata-wata, sannan wasu manhajojin ba za su bayyana a rumbun sabuwar ƙasar ba. A Google ma ragowar kuɗin wata ƙasa ba ya aiki a wata, kuma ana sa wa'adin jira tsakanin sauyi da sauyi. Saboda haka tun da sabon asusu za ka buɗe, ka buɗe shi da ƙasar da kake zaune, ka tsaya a kansa.

Batun uwargida yana da hanya mai kyau da hanya mai sauƙi, kuma ba ɗaya ba ne. Mai sauƙin ita ce ka bar asusunka a wayar, manhajojin su ci gaba da aiki. Amma asusun Google ba rasit kawai yake ɗauke da shi ba, yana tafe da imel ɗinka da hotunanka da lambobin mutanenka da katin bankinka, kuma lambobinta za su riƙa cakuɗa da naka. Mai kyan ita ce ta shiga da nata asusun, ku haɗu a rukunin iyali. Google ta fito da Family Library a watan Yuli na 2016, wanda yake barin mutum shida su ci moriyar manhajojin kuɗi da ɗayansu ya saya, da sharaɗin suna ƙasa ɗaya. Ba a kowace ƙasa aka buɗe shi ba, don haka ka duba ɓangaren iyali a saitunan Play Store ka ga ko ya bayyana maka. Idan ya bayyana, ƙamus da wasan suna iya shiga, amma sayayyar cikin manhaja ba ta shiga ko kaɗan. Na Apple, wato Family Sharing da aka fara a 2014, shi ma mutum shida ne, kuma tun ƙarshen 2020 yana iya haɗawa da biyan wata-wata idan mai manhajar ya yarda. Sai dai rukunin Apple ba ya amfanar mai Android da manhajar App Store, na Google ma haka a ɗaya ɓangaren. Kai da ke iPhone da ita da ke Samsung ba za ku raba manhajar rumbu ɗaya tsakanin wayoyinku biyu ba, abin da za ku iya rabawa shi ne tsarin iyali na kamfanoni masu nasu littafin, kamar Microsoft 365 na iyali mai ɗaukar mutum shida. Idan kuma ka yanke shawarar goge Samsung ɗin kafin ka miƙa mata, ka fara cire asusunka daga saituna, domin tun Android 5.1 wayar da aka goge ta bayan fage, ba tare da an cire asusun ba, tana neman tsohon asusun kafin ta buɗe.

Allon Huawei kuma ya danganta da shekarar da aka yi shi. A watan Mayu na 2019 gwamnatin Amurka ta sa kamfanin a jerin waɗanda ta hana a yi hulɗar fasaha da su, kuma tun daga wayar Mate 30 sababbin na'urorinsa suke fitowa babu manhajojin Google. Idan ka ga Play Store a allon, galibi samfurin kafin takunkumin ne, kuma sayayyarka za ta yi aiki a kansa. Idan AppGallery kawai ka gani, shago ne na daban da nasa littafin, ko da yake tushen na'urar Android ne. Akwai dabarun da ake yi a kasuwa don cusa Google a ciki, ni ba na ba da shawararsu, domin suna nufin ka miƙa kalmar sirrinka ga manhajar da ba ka san wanda ya yi ta ba. Wannan hukunci na rumbu daban ya hau kan Galaxy Store na Samsung da Palm Store da ke zuwa a Tecno da Infinix: abin da aka biya ta hanyar kuɗin wani rumbu a littafinsa yake. Ka duba rasit ɗinka da kyau, domin mai Samsung yana iya saye a Galaxy Store yana zaton a Google ya saya. Rumbu kuma yana iya rufewa. Amazon ta buɗe nata na Android a 2011, ta kuma janye shi daga wayoyin Android a ranar 20 ga Agusta, 2025, ta bar shi a na'urorinta na Fire kawai, kuma ta faɗa a fili cewa ba ta lamunce manhajojin da aka sauke daga can za su ci gaba da aiki ba.

Na san wani zai ce maka a tura wa yaran wasan ta Xender a huta. Manhajar kuɗi da yawa tana tambayar Play Store ko asusun da ke wayar ya biya, idan ba ta samu amsa ba ta rufe. Sannan tun watan Agusta na 2021 sababbin manhajoji a Google Play ana rarraba su gunduwa-gunduwa gwargwadon irin wayar, shi ya sa wadda aka turo daga wata waya take yawan ƙin ɗoruwa. Waɗanda aka fasa aka cire musu makulli kuwa, waɗanda ake saukewa daga shafukan da ba a san masu su ba, wani ne ya buɗe cikinsu ya sake rufewa, kuma ba ka san abin da ya ƙara ba. Wayar da ke ɗauke da manhajar bankinka ba wurin gwada irin wannan ba ce, ban da cewa cin gumin wanda ya rubuta ta ne ba da yardarsa ba.

Wataƙila ka ji labarin cewa an tilasta wa Apple ta buɗe ƙofarta. Gaskiya ne cewa tun watan Maris na 2024, saboda dokar Tarayyar Turai, masu iPhone a ƙasashen tarayyar suna iya ɗora wasu rumbuna, kuma shari'ar da kamfanin wasanni na Epic Games ya fara da Apple da Google a 2020 ta sassauta yadda ake biyan kuɗi a Amurka. Amma duk wannan ƙarin shaguna ne da ƙarin hanyoyin biya, babu inda aka ce wani rumbu ya karɓi rasit ɗin wani.

Akwai kuma iyakar da izinin kansa yake da ita ko a gida ɗaya. Idan mai manhaja ya daina kula da ita, sabon tsarin waya yana iya ƙin ɗaukarta, kamar yadda iOS 11 ya daina buɗe tsofaffin manhajoji masu tsarin 32-bit a 2017, har da waɗanda aka saya da kuɗi. Izinin kuma ba ya shiga rabon gado. Ko wanda mutum ya naɗa a asusunsa na Apple don ya karɓi bayanansa bayan rasuwarsa, hotuna da saƙonni da takardu zai samu, ba fina-finai da littattafai da biyan wata-wata da mamacin ya saya ba. Wannan ne ya sa nake gaya wa masu sayen littattafai a cikin manhaja su fifita wanda yake ba su fayil ɗin da za su ajiye da kansu.

Kafin ka sake biyan kuɗin ƙamus a iPhone, ka tabbatar sunan kamfanin da ke ƙarƙashin manhajar shi ne dai na wadda ka saba da ita, domin ana samun masu kama da juna a suna da tambari. Idan ka yi kuskuren saye, a Apple ana neman mayar da kuɗi ta shafin reportaproblem.apple.com, su duba su yanke hukunci, a Google kuma maɓallin mayarwa yana nan cikin awa biyu na farko bayan sayen manhaja, kuma sau ɗaya ake yi wa kowace manhaja. Ka riƙe Samsung ɗin a hannunka kamar mako biyu bayan ka fara amfani da iPhone, kada ka goge komai, har sai ka ga manhajar bidiyon ta gane ka, duniyoyin yaron sun fita, kuma ka shiga Gmail ɗinka a sabuwar wayar da kalmar sirrin da ka rubuta da hannunka, da lambar farfaɗowa wadda layinta yake cikin aljihunka. Bayan haka sai ka cire asusunka ka miƙa wa uwargida wayar.